Tulunan da Suka Daina Yoyo

Mai gyaran famfo bai taɓa shiga ajin lambu ba. Yakan kawo matarsa a babur har ƙofar makarantar unguwa, ya zauna a inuwar katanga yana jiran a tashi. Ta taga yana jin malamar lambu tana maganar jijiya da danshi, amma bai taɓa kasa kunne ba.

"Ka shigo mana, Baban yara, akwai wuri a benci," in ji matar tasa wata rana.

"Ni za a koya wa ruwa? A bakin famfo na yi furfura."

A ajin ne ta koyi binne tulu. Ta samo tulunan ƙasa, ta binne su har wuya a bayan ɗaki, ta shuka kuɓewa kewaye da su. Irin ba na kasuwa ba ne. Wata jar kuɓewa ce doguwa, mahaifiyarta ta bar mata a gwangwanin madara kafin ta rasu. Shekaru tana tsoron shukawa saboda ƙarancin ruwa, har malama ta ce mata iri ma yana tsufa. Sai ta juye gwangwanin gaba ɗaya.

Kuɓewa ta kai gwiwa, sai aka bugo waya: 'yarsu ta haihu a wani gari, kuma jikin ba daɗi.

"Aiki ɗaya na bar maka," ta ce tana haɗa jaka. "Ka cika tulu, ka rufe bakinsa. Kada ka zuba a ƙasa, rana ce za ta shanye."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Ko jikanka zai iya."

Ya cika, ya rufe. Da ya sake leƙawa, ruwan ya sauka rabi. Ya tona gefen ɗaya da yatsa, ya ji ƙasa a jiƙe. Ya girgiza kai. An ba ta tuluna masu yoyo, ita kuma ba ta sani ba, tana ta ɗibar ruwa daga bakin layi tana zuba wa ƙasa. Tausayinta ya kama shi.

Ya kwashe ruwan, ya dama siminti da maganin hana yoyo, ya zura hannu har kafaɗa ya shafe cikin kowane tulu. Bakin wani tulun har ya kurje masa gwiwar hannu. Aiki ne mai kyau, irin wanda ba a sake kiran sa a kai.

"Na yi miki wani gyara," ya ce mata a waya. "Sai kin dawo kin gani."

Jariri yana tsala kuka, ba ta tambaya ba.

Ganye ya fara yaushi. Ya buɗe tuluna, a cike suke fal, sai ya ɗora laifin a kan rana, ya kafa rumfar buhu. Ranar da ya saɓa maganarta ya kwarara bokiti a gindinsu, ganyen ya riga ya koma kamar takarda.

Da ta dawo, ko mayafi ba ta cire ba ta zagaya bayan ɗaki. Ta daɗe a tsaye. Sannan ta durƙusa, ta zura hannu cikin tulu, ta shafa.

"Me ka sa masa?"

"Yoyo yake yi."

"Yoyon shi ne aikinsa, Baban yara. Ta jikinsa suke sha."

Ya jira faɗa. Da ta yi, da ya ji sauƙi. Sai kawai ta bi karan ɗaya bayan ɗaya tana lalube, ko akwai ɗan da ya kai ga yin iri. Babu.

"A ajin farko aka faɗa," ta ce a hankali. "Kana jingine da taga."

Gwangwanin yana nan a kan kantar ɗaki, ba wanda ya jefar. Wani lokaci yakan ɗauka ya girgiza idan ba ta nan.

Da aka koma aji, ita ta ce kanta yana ciwo. Shi kaɗai ya hau babur. Ya tsaya a bakin ƙofa da hula a hannu, matan unguwa suka juyo.

"Lafiya? Famfonmu bai lalace ba," in ji wata, aka yi dariya.

"Malama," ya ce, "ko kin san wanda yake da jar kuɓewa, doguwa?"

Malama ta yi tunani, ta ce ba ta taɓa gani ba sai a wajen matarsa. Ta matsa masa benci.