Ranar da Aka Buɗe Idon Mama Tela

Shekara uku ke nan Mama Tela tana ganin duniya kamar ta cikin ruwan wanke shinkafa. Yanar ido ce ta rufe mata ido biyu, a hankali, ba zafi ba ƙaiƙayi. Da farko kafar allura ce ta ɓace mata, sai lambobin da ke jikin tef ɗin awo, daga baya fuskokin mutane suka narke suka zama inuwoyi masu magana. Ta rufe shagonta. Aka kawo keken ɗinkin gida, aka lulluɓe shi da tsohon zanin gado a lungun falo.

Coci ma ta daina zuwa. Wata Lahadi ce ta tsaya a bakin ƙofa ta rusuna tana gaida fasto, har da tambayar iyali, ashe ginshiƙi ne aka rataya wa rigar mawaƙa. Ba wanda ya yi dariya, amma ta ji irin shirun da aka yi. Ita ce kuwa ta ɗinka rigunan nan da hannunta, guda ashirin da huɗu. Tun daga ranar ta ce Allah yana jin addu'a daga ɗaki ma.

Mijinta, wanda unguwa ke kira Direba saboda shekarun da ya yi yana jan motar ma'aikata, shi ya zama idonta. Shi ke shara, shi ke dafa shayi, shi ke ɗora mata takalmi a inda ƙafarta za ta same shi. Kullum da safe yakan zauna kusa da taga ya karanta mata Littafi Mai Tsarki. Sai dai a bana karatun nasa ya lalace. Ya tsaya, ya koma baya, ya tsallake.

"Baban yara, ka sake cinye layi," in ji ta wata safiya. "Yanzu mutanen nan suna cikin jirgi, yanzu kuma ka fito da su kan dutse. Da ƙafa suka haye ruwan?"

"Rubutun ne ƙanana."

"Littafin da kake karantawa tun kafin ka san ƙofar gidanmu, yau ne ya ƙanƙance?"

Ya yi dariya ya miƙa mata shayi. Kamar kullum a 'yan watannin nan, rabin kofi ne. Ta ce tsufa ya zo masa da rowa, ya ce likita ne ya hana ta sukari da yawa.

'Yarsu Auta tana aiki a shagon magani a ɗaya gefen gari. Ta yi roƙo har ta gaji a kan a je asibiti a cire yanar. Mama Tela ta ƙi, domin yayarta ta taɓa kwanciya a ƙarƙashin wuƙar likita shekaru da yawa da suka wuce, ta tashi babu idon gaba ɗaya. "Hazo ya fi duhu," haka take cewa, ta rufe maganar.

Da watan Kirsimeti ya kama, mawaƙan coci suka fara gwaji da la'asar. Cocin ba kusa yake ba, amma idan iska ta juyo, takan kawo waƙar guntu-guntu ta tagar falo. Mama Tela tana zaune, hasken rana ya zama mata wani farin tabki marar gaɓa, muryoyin suna yawo a cikinsa. Ta gane muryar kowa. Ta san wadda ke riga kowa shiga, ta san wanda ke jan ƙarshen baiti kamar ba zai saki ba. Ta tsinci bakinta yana motsi.

A rana ta huɗu, Direba ya fita sayen burodi, ta yi magana a fili ita kaɗai.

"Ubangiji, shekara uku ban roƙe ka komai a kan idon nan ba. Ba don na haƙura ba ne, fushi nake yi. Ka sani, na sani. To, na gaji da fushin. Ina jin tsoro, amma zan je. Ka riƙe hannun likitan, ka riƙe nawa."

Da ta gaya wa Auta ta yarda, Auta ba ta bari maganar ta huce ba. Aka ba su rana, saura kwana biyu Kirsimeti, za a fara da idon dama.

Aikin bai kai yadda ta zata ba. An kwantar da ita, an lulluɓe fuskarta, an ce ta kalli fitila kada ta motsa. Ba ta ji zafi ba. Launuka ta gani suna buɗewa suna naɗewa, ja da shuɗi da ruwan goro, kamar ana warware bandiran yadi a gabanta ɗaya bayan ɗaya. Tana shirin tambayar ko an fara, sai likitan ya ce, "Mama, mun gama." Aka manne idon da auduga da filasta, aka ce ta dawo gobe da safe.

Da azahar, a gida, barci ya ɗauke ta a kan doguwar kujera. Ta ga kanta a wani fili mai ciyawa, kekenta a gabanta, tana ɗinka wani farin yadi da ba ta ga ƙarshensa ba. Waɗansu makiyaya suna riƙe da gefen yadin don kada ya taɓa ƙasa, tumakinsu suna wucewa ta ƙarƙashi ba ko kuka. Wata yarinya ta zo da jariri a hannu, ta ce a ɗinka masa riga, sanyi yake ji. Mama Tela ta laluba wuyanta ba tef. Sai ta auna shi da tafin hannu, daga kafaɗa zuwa ƙafa, taƙi biyu da ɗan yatsa. Jaririn yana kallonta, ita ma tana ganinsa sarai, har da gashin girarsa. Ta farka tana jin ɗumin jikinsa a tafin hannunta.

"Me kike murmushi?" in ji Direba daga bakin ƙofa.

"Aiki aka kawo mini."

Washegari, jajibirin Kirsimeti, nas ta zaunar da ita ta ɓare filastar a hankali. Ta goge idon ta ce ta buɗe.

Abin da ya fara shigowa shi ne shuɗin rigar nas ɗin. Mama Tela ta manta akwai shuɗi irin wannan a duniya. Sai agogon bango da siririn hannunsa mai gudu, sai wata 'yar tsaga a jikin fenti. Sai fuskar Auta dab da tata, idanu cike da ƙwalla.

"Mama, kina ganina?"

"Ina ganinki. Wa ya ɗinka miki wannan rigar? Kafaɗar ta zame."

Auta ta fashe da dariya tana kuka. Mama Tela ta juya tana neman mijinta. Yana tsaye a jikin bango, hularsa a hannun hagu, ya rufe hannun dama da ita. Ta daɗe tana kallonsa. Mutumin da ta bari shekara uku da suka wuce mai ƙiba ne, mai wuya kamar turmi. Wannan kuwa rigarsa ta yi masa yawa, maɓallan sun hau ramin da ba nasu ba, furfura ta cinye kansa. Hular da ke hannunsa tana rawa, ƙaramar rawa marar tsayawa.

Suka fito daga asibitin. A cikin tasi ta manna fuska da gilashi. Tituna sun cika. An rataya ƙananan fitilu masu launi a bakin shaguna, wani mai aski ya manna tauraron takarda a ƙofarsa, wata mata ta wuce da kaji biyu a kwando da yaro a baya. Komai yana da baki da iyaka, komai an wanke shi. Amma tana jin gwiwar Direba tana karkarwa a jikin tata, saboda hannun da ya ɗora a kai.

A gida ta tsaya a tsakiyar falo. Labulen taga an rataya shi kai ƙasa. A kan kantar kwanuka, cikin kofuna shida da ta sani, uku suka rage, ɗaya ma an liƙe mariƙinsa da gam. Auta ta shige kicin da kayan cefane.

"Baban yara, zuba mini shayi."

"Bari Auta ta zo ta..."

"Kai nake so ka zuba."

Ya ɗauki butar da hannu biyu. Bakin butar ya yi ta bugun kofin, shayin ya fantsama a faranti. Da ya kai rabi ya tsaya, don ya san in ya cika ba zai iya kawo shi ba. Ya ajiye butar, ya zauna, bai ɗago kai ba.

"Tun yaushe?"

"Wata goma. Ko sha ɗaya."

"Auta ta sani?"

"Ita ke kawo mini maganin. Ni na hana ta faɗa. Likita ya ce ciwon rawar jiki ne, ba ya warkewa, amma ana rage masa gudu." Ya ɗago kai. "Na ga kina da naki kayan a ka. Na ce in na ƙara miki nawa, wa zai ɗauki wani?"

"Ni kuma ina ta ce maka marowaci. Ina ta yi maka dariyar karatu."

"Ai da gaskiyarki. Littafin ne ba ya tsayawa wuri ɗaya."

Hawaye ya zubo mata, daga sabon idon da tsohon duka. Direba ya rikice.

"Ke, likita ya ce kada ruwa ya shiga idon nan."

"Bai ce kada ya fita ba."

Ta matso ta kama hannun da tafukanta biyu. Bai daina rawa ba, sai dai ta ji shi kamar ɗan tsuntsun da aka tsinta a ƙasa. Ta kwance maɓallan rigarsa ta mayar da kowanne raminsa. Suka zauna a haka har ƙamshin albasa ya fito daga kicin.

Ranar Kirsimeti da safe ta ce za ta coci. Auta ta ɗiga mata magani, ta sa mata baƙin tabarau saboda rana. Suka tafi a ƙafa, su uku, Direba a tsakiya.

Tun daga bakin ƙofa mata suka yanyame ta. Tana jin murya sai ta nemi fuskar, ta ga kowa ya ɗan tsufa ba tare da ya gaya mata ba. Fasto ya zo da kansa ya ce, "Mama, yau dai ni ne, ki taɓa ki ji." Ta yi dariya har ta riƙe ciki, kunyar shekara uku ta fita tare da dariyar.

A ciki ta cire tabarau. Hasken safiya yana saukowa ta manyan tagogi, ƙura tana iyo a cikinsa kamar garin zinariya. Mawaƙa suka shigo a jere cikin rigunan da ta ɗinka. Sun koɗe kaɗan, wani ya kama bakin guda biyu da zaren da bai dace ba, amma suna nan. Da suka buɗe baki, waƙar da ta saba ji guntu-guntu ta zo mata cikakkiya, har ta rasa ko a farke take ko ta koma filin makiyayan nan.

Wa'azin bai yi tsawo ba. Fasto ya ce Mai riƙe da sama da ƙasa ya zo duniya a matsayin jaririn da ba ya iya riƙe wuyansa. Sai an ɗauke shi, sai an rufa shi, sai an ba shi abinci a baki. Ya ce tun da Yesu bai ji kunyar a riƙe shi ba, kada wani a cikinsu ya ji kunyar miƙa hannu. Mama Tela ta saci kallon mijinta. Idonsa yana kan fasto, amma ya zare hannun daga aljihu ya ɗora a cinyarsa, a fili.

Aka raba ƙananan kyandirori don waƙar ƙarshe. Direba ya so ya ƙi karɓa, ta karɓa ta sa masa a hannu, ta riƙe wuyan hannun. Harshen wutar ya yi ta rawa, ya kwanta hagu ya kwanta dama, bai mutu ba. Ta yi waƙa da muryar da ta daɗe a ajiye, tana tsagewa a sama, ba ta damu ba. A ranta ta ce, na gode.

Da aka tashi, Auta ta yi gaba don ta ɗora shinkafa. Su biyun suka biyo a hankali. Mama Tela ba ta bar allon shago ko ɗaya ba, sai ta karanta shi da ƙarfi kamar 'yar aji ɗaya: mai gyaran waya, mai wankin mota, ana sayar da ƙanƙara a nan. A tashar bas Direba ya ce ƙafarsa ta gaji, suka zauna a benci.

"Bayan sabuwar shekara za a yi ɗaya idon," in ji ta. "Ranar da za ka koma wurin likitanka kuma, tare za mu. Ina da tambayoyi."

"Kin fara ke nan."

"Ban ma fara ba."

Bas ta zo ta tsaya, mai karɓar fasinja ya leƙo yana tambaya ko za su. Direba ya duba motar da idon gwani, ya ce tayar baya tana son iska. Mama Tela ta ɗaga hannu ta ce su je abinsu. Akwai wata bishiya a tsallaken titi da rana ke ratsa ganyenta, tana so ta gama kallonta tukuna.