Hannun Da Ya Zuba

Tsohon ya miƙo mini kwalbar giyar da hannu biyu, ya ɗan rusuna, sai kowa a teburin ya juyo yana kallona. Maza goma sha ɗaya ne a zaune, mata kuwa daga ni sai tafinta da ke gefena. Ranar azahar tana shigowa ta gilashin taga tana haska ƙananan kofunan da aka jera a gaban kowa. Nawa lemo ne a ciki. Tun farkon zama na faɗa musu ba na shan giya, kuma ba wanda ya matsa mini.

"Me yake so in yi da ita?" na tambayi tafinta ƙasa-ƙasa.

"Ki zuba masa," ta ce. "A nan ba wanda yake zuba wa kansa. In an gama ciniki, shugaban baƙi ne yake cika kofin mai masauki. Ba sha za ki yi ba. Shekarata takwas ina aiki da shi, ban taɓa ganin ya miƙa wa mace kwalbar nan ba."

"In na ƙi fa?"

Ta sunkuyar da kai. "Ba zai ce komai ba. Amma kin kunyata shi a gaban yaransa."

Na san hukuncin. Tun ina ƙarama aka karantar da ni cewa ba mai sha kaɗai aka ambata ba, har da mai zubawa. Ba zan zo yau in ce ban sani ba. Amma ga tsohon riƙe da kwalbar yana jirana, kuma kwana huɗu na yi a ƙasarsu kafin wani ya dubi fuskata ya yi magana da ni.

Ni ce shugabar sashen injina a wata masana'antar saƙa buhuna. Manaja ya turo ni in duba injina shida kafin a sa hannu a takarda, ya haɗa ni da mataimakina, wanda kowa ke kira Ɗan Gayu, don ko baƙin mai zai taɓa sai ya fesa turare. Tun daga filin jirgi aka yi mana rabon matsayi ba a tambaye mu ba. Shi aka karɓar wa jaka, shi aka ba katin kamfani, ni kuma aka miƙo mini fayil in riƙe. A ɗakin taro aka zaunar da shi kusa da tsohon nan, mai kamfanin da ke sayar da injinan, ni aka nuna mini kujerar bakin ƙofa, daf da butar shayi.

Ɗan Gayu bai gyara musu ba. Da na yi masa magana sai ya yi dariya.

"Injiniya, ki rabu da su kawai. In ka je gari ka ga kowa da wutsiya, ai sai ka nemi tsumma ka ɗaura."

Shi kam bai tsaya a tsumma ba, wutsiyar ya sa aka dasa masa. Kullum aka tashi daga aiki sai ya bi su, da safe ya zo da jan ido yana tsotsar alewa.

Rana ta huɗu aka kunna injinan. Biyar suna tafiya lafiya, na uku kuwa akwai wata 'yar ƙara a cikinsa da ba ta kwanta mini ba. Na ce a ba ni sukudireba. Aka dubi Ɗan Gayu, shi kuma ya dubi agogonsa. Na ɗauko da kaina, na kafa tsininta a jikin injin, na ɗora kunnena a kan mariƙin. Haka Baba ya koya mini a garejinsa tun ina shekara tara, shi da Allah ya ba 'ya'ya mata biyar bai taɓa cewa kaico ba. Na ɗago na ce boris ɗin ciki, wanda sandar injin ke juyawa a kansa, ya cinye. Suka ce sabo ne fil. Na ce a buɗe. Aka buɗe, ga shi nan a cinye.

Tsohon ya karɓi sukudirebar daga hannuna ya juya ta, ya daɗe yana kallona. Ashe shi ma da makanikanci ya fara. Ya tambayi wanda ya koya mini, na ce mahaifina. Ya ce a gaya mini lallai mahaifina ya haifi 'ya.

Wannan maganar ce a kunnena lokacin da nake kallon kwalbar. Da ita, da wata da Baba ya yi ana gobe zan taso. Dangin mijina sun ce ba a tura matar aure ƙasar da ba ta da kowa. Baba ya sa hularsa ya je har gidansu, ya zauna a gaban manyansu ya ce, "Ni na raine ta. Ko ƙarshen duniya ta je, na san abin da hannunta zai taɓa da abin da ba zai taɓa ba. In kun ji wani abu, ni za ku tambaya."

Na karɓi kwalbar. Na cika ɗan kofin da bai fi murfin fulas ba. Aka yi tafi, tsohon ya rusuna har goshinsa ya kusa taɓa tebur, ni kuma na yi murmushi, don gaskiya na ji daɗi. A daidai nan Ɗan Gayu ya ɗaga waya da hannun dama ya ɗauki hoto. A hannunsa na hagu kofinsa na huɗu ne.

* * *

A cikin jirgi na yi ta shirya yadda zan ba Baba labarin boris. Har na ga yadda zai buga cinya ya ce a sake maimaita masa. Da muka sauka na kunna waya ina jiran jaka, sai ta hau kaɗawa a hannuna kamar an taɓo gidan rina.

Ɗan Gayu ya tura hoton a zauren ma'aikatanmu na waya, ya rubuta a ƙasa, "Injiniyarmu ta fitar da mu kunya." Daga nan wani ya kwashe, ya yanke tsohon, ya yanke kofin lemona, ya goge rubutun ya sa nasa. Abin da ya rage ni ce, da mayafina, da kwalba a hannu, ina washe baki. Kafin in ƙetare teku hoton ya riga ni shiga gidan kowa. Wata ƙawata ta rubuto, "Ke ce kuwa?" Yayar mijina ba ta rubuta komai ba, hoton kawai ta turo mini sau uku.

Na kira ƙanwata, autarmu, wadda ke zaune da Baba tun rasuwar Inna.

"Auta, Baba ya gani?"

Ta rage murya.

"Yaya, a masallaci aka nuna masa."

Jakata ta zagayo sau biyu a kan bel ɗin kayan fasinjoji ban ɗauka ba.

Washegari Manaja ya kira mu ofis. Ya fara da yabo, ya ce injinan za su iso wata mai zuwa, kuma ba don ni ba da an yi wa kamfanin sakiyar da ba ruwa. Sannan ya gyara zama ya ce hukumar gudanarwa ta yanke shawara, daga yanzu ba za a ƙara tura mace waje ba. Wai don kare mutuncinmu. Horon wata uku da aka shirya mini a can, Ɗan Gayu ne zai je.

"Ranka ya daɗe, ka tambaye shi kofi nawa ya sha," na ce.

Manaja ya cire tabarau yana gogewa da gefen riga. "Injiniya, ni abin da na gani shi na gani. Kuma ki yi haƙuri in gaya miki gaskiya. Namiji in ya fita, abin da ya yi a can yake baro shi. Ke kuwa da sunan gidaje biyu kike yawo."

A bakin matakala Ɗan Gayu ya tare ni, ido ya yi rau-rau.

"Wallahi don alfahari na tura. Ban san haka za ta zama ba."

"Na yarda. To ka je ka faɗa musu lemo ne a kofina, ka faɗa musu me ke cikin naka."

Ya sosa ƙeya. "Haba Injiniya. Ina da iyali fa."

Na dube shi. Ni kuwa daga sama na faɗo, ba ni da kowa. Ban faɗa ba, na wuce. Mai ɗaukar hoto dai ba ya fitowa a hoto, wannan shi ne duk tsarkinsa.

* * *

Maigidana mutum ne mai sanyin hali, malamin lissafi, ko yara ba ya ɗaga wa murya. Da zai yi faɗa da na ji sauƙi. Ya saurare ni daga farko har ƙarshe, yana zaune a bakin gado yana murza yatsunsa.

"Na yarda ba ki sha ba," ya ce. "Ko ba ki rantse ba na yarda."

"To mene ne?"

"Ɗalibaina suna ɓoye waya in na shiga aji. Hajiyarmu kwana biyu ba ta ci abinci ba. Jiya na tsaya a sahu, na kusa da ni ya matsa." Sannan ya ƙara da cewa, "Ki ɗan je gida kwana biyu, ƙura ta lafa. Yaran su zauna wajen Hajiya."

"Kwana biyu nawa?"

Ya tashi ya sauko mini da akwatin da ban gama kwashewa ba, har ya goge masa ƙura da hannunsa. Na ji zafi ƙwarai, amma ban yi kuka ba. Zuciyata ba ta nan, ta riga ta tafi wani ɗaki a ƙetaren gari. Na ce a raina, kowa ya juya mini baya, in dai mutum ɗayan nan ya dube ni yadda ya saba, zan iya tashi in kakkaɓe zanena.

* * *

Da la'asar na isa. Auta ta karɓi akwatina a ƙofa, ta raɗa mini cewa kwana uku ke nan Baba bai fita ba, ko garejin da yake zuwa ya zauna ya ga aikin yaransa ya daina zuwa. Ɗazu kawun maigidana ya zo, bai ko zauna ba. Daga tsaye ya ce, "Ka ce kai za mu tambaya. To ga mu."

Na same shi a ɗakinsa a kan darduma, ya jingina da bango, rediyonsa a kashe. Ya rame a kwana goman nan. Na durƙusa na gaishe shi.

"'Yar Baba, kin dawo lafiya?"

"Lafiya lau, Baba."

"Ya hanya?"

"Alhamdu lillahi."

Na faɗa masa komai, ban rage ba, ban ƙara ba. Na gaya masa na san hukuncin, na gaya masa na yi kuskure, na tuba tsakanina da Ubangijina, kuma ko ɗigo bai taɓa leɓena ba. Yana jan carbi yana kallon ƙafafunsa.

"Na sani," ya ce. "Tun da aka nuna mini na ce musu 'yata ba ta sha. Allah Ya yafe mana baki ɗaya."

Sai a lokacin hawayen suka zo. Na ji kamar an sauke mini dutse daga ƙirji. Na ce a raina, shi ke nan, sauran duk mai sauƙi ne.

Auta ta shigo da faranti, butar shayi da kofi ɗaya, ta ajiye ta fita don ta bar mu. Na share fuskata da gefen mayafi, na jawo farantin, na ɗaga butar na karkata ta.

Hannun Baba ya sauka a kan bakin kofin.

Ba da gangan ya yi ba, na rantse da wannan. Hannun ne ya riga shi, kamar yadda ake janye yatsa daga wuta. Ya dubi hannun kamar na wani ne, na dube shi ni ma. Nan da nan ya janye, ya cusa shi ƙarƙashin rigarsa.

"Zuba mana," ya ce. "Zuba, 'yar Baba."

Na zuba. Shayin ya ɗan ɗiga a faranti. Na tura kofin gabansa, ya ce Allah Ya yi albarka. Ya tambaye ni yara, na ce suna lafiya. Ya tambaye ni ko akwai sanyi a can, na ce akwai. Muka zauna. A waje Auta tana shara, wata mota ta wuce, inuwar taga ta matsa daga darduma zuwa bango.

Sau biyu na ga ya miƙa hannu ya taɓa mariƙin kofin, ya ɗan juya shi, ya sake shi. Da aka kira magariba ya dafa bango ya tashi, ya ɗauki butar alwala ya fita. Na ɗauki farantin zan kai kicin, ina tafiya a hankali don kada ya zube, kofin cike yake kuma ya huce.