Farantin Yaya

Shekara huɗu ke nan da rasuwar yayata, amma har makon jiya ni nake ba ta abinci.

Kafin ciwon ya kwantar da ita, ta zo ɗakin gwajin da nake aiki, ta naɗe hannun riga ta ce, "Ɗiba, Auta. Tunda kin ƙi zama likitar mutane, ga jinina ki yi wasa da shi." Daga jinin nan muka raini ƙwayoyin halittarta a faranti, da cutar a cikinsu. Duk bayan kwana biyu nakan zuƙe tsohon ruwan farantin, in zuba sabo, in mayar da shi akwatin ɗumi.

Subul da baka na yi na gaya wa Inna. Tun daga ranar, ko takalmi ban cire ba za ta ce, "Ta ci?"

Aikinmu a kan wani enzayim ne, wato wani sinadari da ke jikin kowa. Shi ke kama zaren RNA, wato saƙon da ƙwaya ke bi, ya warware shi don a karanta. Cutar ba ta da irinsa, da namu take aiki. Abin da ke ci mini rai ke nan: ɗan gida yana ta yi wa ɓarawo hidima, bai ma sani ba.

Farfesa, shugabanmu, ya ce mu kashe enzayim ɗin mu gani. Sauran ƙwayoyin Yaya da muka adana a kwalabe duk sun ƙare a gwaje-gwajen baya, faranti ɗaya ya rage. Na yi ta gardama. Ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Don me ta ba ki su?"

Da hannuna na ɗiga maganin.

A rana ta uku cutar ta yi tsit. Farfesa har da tafi. A rana ta biyar na leƙa madubin ƙara girma, na ga ƙwayoyin sun tsuke sun farfashe. Ashe su ma ba sa rayuwa sai da enzayim ɗin. Na rubuta sakamakon tsaf, sannan na shiga banɗaki na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Na tarar da Inna tana ninke wanki.

"Ta ci?"

"Inna, cutar ta bar ta."

Ta saki rigar da ke hannunta. "Ta warke?"

Na ce, "Ta warke."

"Alhamdu lillahi! To ki riƙa ƙara mata, Auta. Kin dai ga yadda ta rame."

Washegari na isa wurin aiki, na ɗauko ruwan na sa ya yi ɗumi, na sa safar hannu. Sai da na buɗe akwatin na tuna.