Jinkirin Minti Biyar a Ɗakin Kati

Ndakotsu ya danna maɓallin kunna kwamfutar, ya kwance agogonsa ya ɗora a kan tebur, ya ce wa Dakta Ɗayyabu ya zuba ido. Suka zuba. Minti biyar ya wuce, babu komai a allon sai wani zobe da ke ta juyawa. A minti na sha biyu Dakta ya ce shi kam yana da marasa lafiya, ya fita. Sai a minti na ashirin da bakwai kwamfutar ta yarda a yi aiki da ita.

Ita kaɗai ce a ɗakin kati na wannan ƙaramin asibitin kuɗi da ke Tunga, kuma ba a ganin likita sai an buɗe wa mutum kati a cikinta. Shekara biyu ke nan kullum safiya sai an jira ta. Dakta ya gaji, shi ya sa ranar nan bayan azahar, da layi ya ragu, ya sa aka kira mai gyara.

Shekarun Ndakotsu hamsin da uku, ashirin daga ciki ya yi su yana gyaran kwamfuta a shagon da bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba. Tabaraunsa ƙafa ɗaya ce ta asali, ɗayar zare ne. Amma in ya zauna gaban na'ura bai yarda akwai wanda ya fi shi a Minna ba, kuma bai taɓa ɓoye wa kowa wannan ra'ayi ba.

Bai daɗe ba ya gano ciwon. Manhajojin tsaro biyu ne a ciki. Akwai antibairos da aka sayo kwamfutar da shi, sai wata ta biyu da surukin Dakta ya saka bayan wani filash da aka soka wa kwamfutar ya taɓa shigo da bairos ya cinye katin mutum ɗari uku. Da an kunna, su biyun sai su tashi lokaci guda, kowanne ya hau binciken duk abin da ya motsa, har da ɗan'uwansa.

Da Dakta ya dawo ya ji bayani, sai ya ce to a cire ɗaya mana. Ndakotsu ya girgiza kai da tausayi, irin yadda yake zaton likitoci na yi wa mai shan magani ba bisa ƙa'ida ba. Ya ce kowanne da aikinsa, abin da ya kuɓuce wa na farko ta biyun ke kamawa. Ba a korar kowa. Abin yi shi ne a ce wa ta biyun ta dakata minti biyar bayan an kunna, antibairos ya riƙe gida shi kaɗai har komai ya daidaita, sannan ta shigo. A kuma hana kowanne leƙa akwatin ɗaya.

Ya shiga saiti ya yi hakan, ya kashe, ya kunna. Sakan arba'in da takwas. Ya sake kashewa ya kunna, ba don ana bukata ba.

"Malam Ndakotsu, ashe dai ba banza kake cika baki ba," in ji Dakta. Ya juya ga ma'aikaciyar ɗakin, Lilian, wadda ke tsaye jikin kabad tun ɗazu. "Daga gobe ƙarfe takwas daidai nake son ganin katin farko a teburina."

Ta ce to. Ndakotsu ya lura ba ta yi murmushi ba, ya ɗauka irin mutanen nan ne da ba su san darajar sana'a ba.

Yana bakin titi yana jiran keke sai ga Yona maigadi, dattijo mai furfura har a gira, ya biyo shi yana jan takalmi. Ya gaishe shi sau biyu kafin ya kai ga magana.

"Injiniya, wannan gyara da ka yi, ba za a iya mayar da shi yadda yake ba?"

Ndakotsu ya ce a shekara ashirin ba a taɓa roƙonsa ya ɓata abin da ya gyara ba. Yona ya matso ya rage murya. Daga Paiko Lilian ke zuwa kullum. Mahaifinta ɓarin jikinsa ya shanye, ita ke yi masa wanka ta ba shi abinci, kuma ba ta iya fitowa sai maƙwabciyar da ke zama da shi ta sallami yaranta zuwa makaranta. Duk saurin mota, takwas da minti ashirin da biyar take isowa. Shi Yona ke shiga ya danna maɓallin ƙarfe takwas, ya ce wa mutanen da ke kan benci kwamfuta na tashi. Kafin ta gama tashi Lilian ta shigo ta ƙofar baya. Dakta yana zagayen gadaje a lokacin, bai taɓa ganin kujerar Lilian babu kowa ba.

Ndakotsu ya tambaya me ya hana ta gaya wa Dakta gaskiya. Yona ya ce wata nas ta gwada haka a watan jiya, Dakta ya saurare ta tsaf, ya ce ta nemi aiki kusa da gida.

Keke biyu suka tsaya, ya ɗaga musu hannu suka wuce. Mayar da abin ba wuya, sifili ɗaya zai rubuta a inda ya rubuta biyar. Sai dai ya ga bencin nan da idonsa, ya san irin masu zama a kai: mai zazzaɓi, mai ciki, tsoho mai riƙe da mara. Ba zai mayar musu da rabin awa na jira ba. Kuma, in za a faɗi gaskiya, sakan arba'in da takwas ɗin nan ya shiga ransa.

Ya koma ɗakin kati. Lilian na jera fayil, ba ta ɗago ba.

"Baba, aikinka ka yi," ta ce. "Ba ka da laifi."

Ya ce ya sani. Ya tambaye ta har yaushe za a yi ta haka. Ta ce ƙanwarta za ta gama makaranta ƙarshen wata ta dawo gida, daga nan ko ƙarfe bakwai aka ce za ta iya. Saura kwana goma sha tara. Ta ce ta yi tunanin kwana a asibitin, amma wa zai juya tsohon da asuba?

Ndakotsu ya gyara zaren tabarau, ya nufi ofishin Dakta da tafiyar mutumin da ya san abin da zai faɗa. Bai sani ba tukuna. A bakin ƙofa ya samo shi.

Ya ce wa Dakta akwai abin da ya manta bai ambata ba. Sabon saiti kamar sabon ɗinki ne, sai an riƙa dubawa. A wannan minti biyar na farko antibairos ne kaɗai a tsaye, sannan in ta biyun ta tashi dole gwani ya ga yadda suke zama da juna, kada su koma halinsu. Saboda haka zai riƙa zuwa da kansa kullum ƙarfe takwas har ƙarshen wata, kuma kada wani hannu ya taɓa kwamfutar kafin takwas da rabi. Rabin maganar gaskiya ce, ya kuma faɗi sauran da murya iri ɗaya.

"Katin fa?" in ji Dakta.

"Ni zan buɗe, ranka ya daɗe. Ai shi ne gwajin."

Dakta ya tambaya ko wata hanya ce ta ƙarin kuɗin aiki. Ya ce ko kusa, sunansa yake karewa. To ita Lilian fa, me za ta yi a wannan rabin awar? Ndakotsu ya ce shi dai kada ta tsaya masa a ka, ba ya son ana kallonsa yana aiki. Dakta, wanda ɗazu aka sa shi zuba ido na minti goma sha biyu, ya dube shi ta saman gilashi, ya daɗe. Sannan ya ce bai taɓa ganin mai gyara da son aiki haka ba, Allah ya kai mu goben.

Washegari takwas saura minti biyu Yona ya buɗe masa ɗakin, har da goge masa kujera. Kwamfutar ta tashi kafin ya gama zama. Minti biyar na cika manhaja ta biyu ta shigo salin alin, tsakaninta da antibairos ba wanda ya ce wa wani komai. Ya so a ce akwai mai kallo.

Masu kallo suna bakin taga, su goma sha ɗaya. A nan ya tuna cewa shekara ashirin yana buɗe cikin kwamfuta, amma bai taɓa koyon buga rubutu da fiye da yatsa biyu ba. Ta farko a layi wata tsohuwa ce da ta taso daga Zungeru tun da sassafe. Ya tambayi sunanta, ya nemo haruffan ɗaya bayan ɗaya, ya zuba su a gurbin shekaru, ya goge.

Tsohuwar ta juya ga matar da ke bayanta, ba ta ko rage murya ba.

"An ce an gyara injin. To shi wannan wa zai gyara shi?"

Ndakotsu ya dubi agogo. Takwas da minti tara. Ya tura tabarau sama, ya ɗaga yatsunsa biyu.

"Mama, sake faɗa mini sunan. A hankali."