Dalma Kafin Albarushi

Hular ta girmi duk kofunan da ƙungiyar ta ci. Rawaya ce, mai kunnuwan jaki, kuma Orville Stamper ne ya sa aka ɗinka ta a shekarar da ya kafa 'Yan Rafin Laka, maharba da bindigar toka a kudancin Indiana. Dokarta ɗaya: duk wanda ya ɗura dalma ya manta albarushi, hula tasa ce sai wani ya gaje shi.

Kowa ya ɗana ta. Delbert, abokin Orville tun ƙuruciya, ya daɗe da ita har karensa kan yi masa haushi in ya cire. Orville kaɗai ya tsira, kuma bai bar kowa ya manta ba.

Yau ce gasarsa ta ƙarshe, don gwiwa ta ƙi. Burinsa bai wuce ya koma gida da kai tsirara ba.

Aka busa ƙaho, hayaƙi ya turnuƙe filin. Tukwanen ƙasar da aka rataya wa kowace ƙungiya suna ta tarwatsewa, ƙungiyar da ta riga gamawa ita ce gwana. Orville yana ɗuri yana ba da tarihi, kamar kullum.

"Shekarar da muka fara, bindiga biyu gare mu, mu takwas..."

"Bara ka ce uku ne, tsoho," in ji Delbert daga ƙarƙashin kunnuwan hular.

"Biyu! Ta ukun ai ta surukinka ce, ba ta taɓa tashi ba."

Ya danna dalmar da sandar ɗuri, yana huci.

Tukunya ɗaya ta rage musu. 'Yarsa Wanda ta sauke bindigarta, sauran ma suka sauke.

"Baba, taka ce. Yi bankwana da ita."

Orville ya gyara tsayuwa, ya kanne ido, ya ja kunama.

Ƙyas.

Sai a lokacin ya tuna sandar ta nutse fiye da yadda ta saba. Yana iya ɗora wa damina laifi, ya ce albarushi ya sha raɓa, ya sake gwadawa. Amma 'yan Ohio da ke gefensu saura tukunya biyu gare su, ga shi ɗaya ta fashe.

"Harba, Wanda!" ya daka tsawa. "Babu komai a cikinta sai dalma!"

Tukunyar ta watse. Ihu ya kaure, rabi na kofi, rabi na abin da ya fi kofi daɗi.

Delbert ya tako a hankali, kamar mai raka gawa. Ya cire hular da hannu biyu, iska ta sha sanƙonsa.

"Sunkuyo, ranka ya daɗe."

Hular ta zauna daram a kan Orville. A kan kowa takan yi sako-sako ko ta matse, amma ban da nan.

"Ikon Allah," in ji Delbert. "Kamar don kai aka ɗinka."

Orville ya shafa kunnen hular ɗaya, ya miƙar da shi.

"To, da kan wa kake zaton aka auna ta?"