Babin da Malam Motaleb Ya Maƙale

Malam Motaleb ya sauya wa ɗanyar kwakwar hannu, ya sake komawa bakin ƙofar kwalejin. Mai gadi bai ko ɗago kai ba, ya riga ya gaji da ce masa ba a shiga. Duk tsawon katangar iyaye ne da mazaje, wasu a tsugune ƙarƙashin lema, wasu a kishingiɗe cikin riksha, keken ɗaukar fasinja, kowa da kwakwarsa yana jiran nasa ya fito daga jarrabawa ya jiƙa maƙoshi. Shi tasa ta matarsa ce, Hosne Ara, wadda ke ciki tana rubuta takardar tarihin harshen Turanci. Wannan ce damarta ta ƙarshe. In ta faɗi, rajistarta ta mutu, kuma makarantar 'yan matan da take koyarwa ta gaya mata baki da baki: ba digiri, ba aji.

"Motaleb, zauna mana ƙasa ta huta," in ji Bimal Saha daga bencin mai shayi. Tare suka yi karatu, tare suka yi furfura a koyarwa, yau kuma 'yarsa ya rako. "Kai da duk garin Mymensingh ke rantsuwa da hasashenka, mene ne na zarya kamar kaza mai neman wurin ƙwai?"

"Ƙafata ke tsami in na zauna."

"Ƙafarka. To, Allah ya ba ƙafa lafiya."

Bimal bai yi ƙarya ba. A garin nan ba a karanta littafi daga bango zuwa bango, wurin malami ake zuwa ya faɗi abin da zai fito, a haddace, a shiga. Motaleb kuwa ya san masu saka tambaya kamar yunwar cikinsa. In bana suka tambayi tsohon Turanci, na ƙabilun da suka ƙetaro teku suka zauna a tsibirin da harshen ya tashi, baɗi sai na tsakiya, wanda ya biyo bayan zuwan Normawa, mayaƙan da suka zo daga Faransa. Na zamani, tun daga injin ɗab'i, kullum yana nan. Haka suke karɓa-karɓa, shi kuma a kan wannan ya yi suna, har falonsa ya kasa ɗaukar ɗalibai.

Bara na tsakiya ya fito. Don haka da Hosne Ara ta buɗe littafi, ga aji da safe, ga tukunya da yamma, ga surukarta kwance ba lafiya, sai ya ciro ɗan icen maƙale shanya daga igiya ya haɗe shafukan babin na tsakiyar gaba ɗaya.

"Baban Tuli, in ya fito fa?" ta ce, da sunan 'yarsu take kiransa.

"Ni kike tambaya? Ki ji da tsohon kawai."

Ta dube shi, ta dubi icen, ta buɗe babin tsohon.

Ƙaramar ƙofar kwalejin ta yi ƙara. Wani ɗalibi dogo ya fito tun lokaci bai yi ba, alƙalami a bayan kunne, fuska a murtuke. Nan take jama'a suka yi masa caa. Motaleb ya kutsa da kafaɗa, kwakwar na bugun mutane.

"Kai, me ya fito? Tambaya ta farko?"

"Normawa, Malam. Kuma dole ce, ba zaɓi. Rabin maki na kanta."

"Ba dai Normawa ba. Ka karanta da kyau kuwa?"

"Sau uku na karanta, sannan na ajiye musu takardarsu."

Motaleb ya ja da baya daga cikin taron. Ya juya zai tafi bencin, ya fasa, ya nufi ƙofa, ya sake fasawa. Ya bi katanga har ƙarshenta, inda ake hango tagogin bene, ya tsaya yana leƙe kamar zai gane kan matarsa cikin kawuna ɗari. Ba abin da ya gani sai fanka tana juyawa. Tsoro ne ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba a kan 'ya'yan mutane. Ya tuna yadda take fita da safe da alli a gefen mayafi, da yadda 'yan mata ke tare ta a kasuwa suna gaisuwa, ita kuma tana yi kamar ba ta ji daɗi ba. Da hannunsa ya maƙale wannan.

Bimal ya biyo shi da kofin shayi. Wannan karon bai tsokane shi ba.

"Sha."

"Taka 'yar fa?"

"Wannan ai sarkin taurin kai ce, duka take karantawa. Na yi faɗan har na bari." Ya ƙara da cewa, "Wataƙila sun canza mai saka tambaya ne."

"Wataƙila," in ji Motaleb. Shayin ya huce a hannunsa.

Da ƙararrawa ta buga, aka wangale ƙofa, hayaniya ta cika titi. Motaleb ya miƙa wuya yana nema. Can ya hango ta a baya-baya, tana tafiya a hankali tana murza yatsun hannun dama. Ya ba mai sayar da kwakwa ya sa wuƙa ya fasa kan kwakwar, ya miƙa mata ba tare da ya iya duban idonta ba. Ta sha, ta sha, sai da ta kusa shanyewa.

"Maman Tuli," ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "Na ji."

"Shafi biyar na yi."

"A kan me?"

"A kan Normawa mana."

"Kin cire icen ke nan?"

"Yaushe na samu sarari? Yana nan yadda ka bar shi." Ta goge baki da gefen mayafi. "Na rubuta yadda suka ci ƙasar, fada da kotu suka koma Faransanci, aka bar wa manomi Turancinsa shekaru aru-aru. Na ce dabba tana garke da sunan talaka, in ta hau teburin mai gida sai ta tashi da sunan Faransa. Na ce harshen da aka raina shi ya dawo ya haɗiye na fadar."

Motaleb ya saki baki. Kalmomin ya san su, amma kamar rigar da ya manta ya taɓa sawa.

"A ina kika samo wannan?"

"A saman soron gidan haya. Shekarar da aka kawo ni, ka manta? Ina tsince shinkafa, kai kuma kana kai da komo kana cika ni da surutu, daga ƙabilun jirgin ruwa har zuwa ma'aikatan ofis na birnin Calcutta, har sai maƙwabta sun ce a yi musu shiru. Lokacin ba ka san wani abu wai zai fito ko ba zai fito ba." Ta ɗan yi murmushi. "Ban sani ba ko na ci. Shekarar zuwan Normawan ma ina jin na birkita ta."

Mai riksha ya kaɗa ƙararrawarsa, suka hau. Hanya ta cushe, ba gaba ba baya, rana ta take. Motaleb ya riƙe ƙoƙon kwakwar a cinya, yatsunsa na ta ƙwanƙwasa shi.

"Jibi akwai takarda ta biyu," ta ce. "Me zai fito?"

Bakinsa ya buɗe da kansa, amsar na kan harshe, don ya riga ya lissafa ta tun watan jiya. Ya haɗiye ta.

"In mun isa ki ɗora shinkafa, ki kawo tiren tsinta," ya ce. "Daga farko za mu fara."