Kayan Gyara Daga Gidan Haj Salih

Sana'ar Ɗantani sayen fata. Mahaifinsa a gonakin audugar Jazira ya ƙarar da ƙarfinsa, shi kuwa ya zauna a Dar Salam, can ƙarshen Omdurman inda gidajen laka suke ƙarewa yashi ya karɓa. Yakan shiga ƙauyukan yamma ya sayo fatun awaki da na tumaki ya kawo kasuwa. Matarsa Kubra ungozoma ce mai farin akwatin ƙarfe, kuma duk inda aka kira ta shi yake kai ta a bayan tsohon baburinsa. 'Yarsu ɗaya, Nuha, tana aure a Madani.

Babur ɗin nan na kwalta ne, ba na jeji ba. Wata rana da damina aka aiko daga wani ƙauye cewa mace tana kan gwiwa tun safe. Suka kama hanya, suna shiga wani kwari mai taɓo tayar baya ta nutse. Ɗantani ya tura, ya ja, ya tona da hannu, a ƙarshe Kubra ta ɗora akwatinta a ka ta ƙarasa da ƙafa. Ta tarar an haihu, cibiya ta naɗe wuyan jaririn, ba wanda ya san yadda zai yi. Uwar ta rayu, ɗan bai rayu ba.

Da suka dawo gida Kubra ta kasa cin abinci. Ta ce, "Abu Nuha, abin da hannuna ya saba warwarewa ne. Da mun isa da wuri."

Ya ce, "Kwanansa ne ya ƙare."

"Na sani. Amma ka canja babur."

Sai ya shiga nema. Ya haye gada zuwa Khartoum, wani babban shago mai gilashi kusa da unguwar Alsahafa, ya ga na Japan: dogo, mai tayoyi masu haƙora, an ce yashi da dutse duk ɗaya ne a wurinsa. Ya shafa tankin ya tambayi mai sayarwa, in wani abu ya lalace fa? Mutumin ya ce ana yin oda daga Dubai. Ɗantani ya jinjina kai ya fito, zuciyarsa tana can.

Daga nan ya ɗauki Kubra suka tafi Kasuwar Libiya, shagon Haj Salih. Dattijo ne siriri mai farar jallabiya, wanda kakansa ya taso daga Haɗeja da ƙafa zai je Makka, ya dawo ya tsaya a bakin Nilu bai ƙara gaba ba. Ɗansa Muhannad, magidanci mai faɗin ƙirji, shi ne bakaniken shagon, Hausarsa rabi Larabci. Haj Salih ya sa aka kawo musu shayi, ya saurari labarin kwarin nan har ƙarshe.

Ya ce, "Na Japan ɗin da ka gani ya fi duk abin da ke shagon nan, ba zan ɓoye maka ba. Sai dai ran da ya tsaya maka, jirgin sama za ka zauna jira. Ni biyu gare ni na jeji, na Sin da na Indiya. Muhannad, fito musu da su."

Suka tura su bayan kasuwa inda yashi yake da zurfi. Na Sin ɗin ba nauyi, ga tsawo, ga ƙara, Muhannad ya hau ya tashi da shi kamar barewa. Da ya dawo ya ce wa Ɗantani ya kai hannu kusa da injin. Zafi ya buge shi.

Muhannad ya ce, "Ka ji? Gudu akwai, lakin ba ya son doguwar hanya. Wancan kuwa jaki ne, a hankali yake tafiya, amma zai kai ka ya dawo da kai. Irinsa nake hawa, ga nawa can, jan nan."

Na Indiyan ya fi nauyi, kujerarsa doguwa, ba ya shan mai sosai. Ɗantani ya gwada duka biyun, idonsa ya fi kwantawa da na Sin. Kubra ta gyara laffayarta ta hau bayan kowanne da akwatin a cinya. Da suka sauka daga na biyu ta ce, "Wannan bai karya min ƙugu ba."

Haj Salih ya yi murmushi ya ja Ɗantani bayan kanta, ya nuna masa katakai cike da sarƙoƙi da fulogi da wayoyin kuloci. Ya ce, "Ko ƙusa ɗaya ce ta faɗi daga jikinsa, ina da 'yar'uwarta a nan. Muddin ina numfashi baburinka ba zai kwana a tsaye ba."

Suka ɗauki na Indiya, baƙi. Sauran damina da rani duka ya yi musu aiki, bai taɓa barin su a hanya ba. Ɗantani yakan biya shagon ko ba abin gyara, a sha shayi, Muhannad ya ɗaure masa sarƙa yana tsokanarsa cewa warin fata ya kama kujerar.

Sai yaƙi ya ɓarke wata Asabar cikin azumi. Da farko mutanen Dar Salam suna jin ƙarar daga nesa suna cewa abin na Khartoum ne. Ba a daɗe ba ya haye kogi. Masu bindiga suka cika tituna, kuma ba abin da suke ƙwacewa kamar babur. Da labari ya zo cewa ana fasa shagunan Kasuwar Libiya, Muhannad ya bar jan baburinsa a gida ya tafi da ƙafa don ya ƙara kwaɗo a ƙofar shagonsu. Ya tarar ana fitar da babura. Waɗanda suka gani sun ce magana kawai ya yi. A ƙofar shagon aka harbe shi.

Ɗantani ya cire madubai, ya shafe baburinsa da laka, ya tura shi garken awaki ya lulluɓe da buhuna. Cinikin fata kam ya tsaya. Aikin Kubra kuwa ya ninka, domin asibitocin kusa duk sun rufe, mata kuma ba su daina haihuwa ba. Sai ya riƙa kai ta ta lungu-lungu, da mai na kwalba da ake sayarwa a ɓoye. Ana haka wayar kuloci ta tsinke.

Bai je gidan Haj Salih da ke Umbadda don wayar ba. Ta'aziyya ya koma yi, da ƙafa. Ya sami Haj Salih a tsakar gida kan gadon igiya, ya rame, jallabiyar ta yi masa yawa. Bayan addu'a dattijon ya dube shi.

"Ƙafafunka sun yi ƙura. Ina babur ɗin?"

"Yana gida, Haj."

"Me ya same shi?"

Ɗantani ya faɗa masa wayar kuloci ce ta tsinke. Haj Salih ya miƙe da ƙyar ya buɗe wani ɗaki. Jan babur ɗin Muhannad yana tsaye a ciki, an rufe shi da zanen gado, ba ko ƙura. Hajja Barira, uwar Muhannad, ta zo ta tsaya a bakin ƙofa. Da ta ga mijinta ya ɗauko sifana sai ta juya ta koma madafa.

Ɗantani ya ce, "Haj, don Allah bar shi. Zan ɗaure da waya."

"Shago ya tafi, amma ni ban tafi ba. Riƙe min nan."

Shi ya kwance wayar daga jan babur ɗin da kansa.

Bayan waya sai sarƙa. Bayan sarƙa sai tayar baya, da wani ƙarfen harsashi ya yanka a hanya. Duk zuwan da Ɗantani zai yi, jan babur ɗin ya ƙara raguwa, har ya zamana an ɗora shi kan bulo. Da kafireta ta fara ba shi wahala sai ya ƙi zuwa, ya bar Kubra tana tafiya da ƙafa. Ita ce ta je duba Hajja Barira, magana ta fito. Washegari ta dawo da kafiretar naɗe cikin tsumma.

Ta ce, "Hajja ce ta ba ni da hannunta. Ta ce kullum da safe tana shiga ta goge shi, kullum ta fito da kuka. Ta ce gara ya tafi wurin masu haihuwa."

Haj Salih yana da ciwon sukari, allurarsa kuma ta ƙare tun watannin farko. 'Yarsu Suhaila da ke Masar ta yi ta roƙon su fito, ya ce ba zai bar kabarin ɗansa ba. Shekara ta zagayo, wani ɗan rauni a yatsan ƙafarsa ya ƙi warkewa. Kubra ta riƙa wanke shi da ruwan gishiri. Ranar da ta kwance ɗaurin ta ga baƙin ya haura idon sawu, sai ta ja mijinta gefe.

"Wannan ya fi ƙarfina, Abu Nuha. In ba a kai shi asibiti ba, ba zai daɗe ba."

Asibitin da ya rage yana aiki yana can arewacin Omdurman, hanyar gari kuma ba ta biyuwa. Sai a zagaya ta jeji. Da gari ya waye aka ɗora Haj Salih a bayan Ɗantani, Kubra ta kwance laffayarta ta ɗaure su biyu tam a ƙirji. Hajja Barira ta sa wa mijinta hula, ta gyara masa ita.

Suka fita ta yamma, suka karkata arewa cikin yashi da duwatsu. A wani shinge samari masu bindiga suka tsayar da su. Ɗaya ya zagaya babur ɗin yana kallonsa, ya matso, warin ƙafar ya doke shi, ya ja baya. Suka karɓe galan ɗin mai da ke ɗaure a gefe suka ce su wuce.

Dattijon yana magana a kunnen Ɗantani jefi-jefi. Ya ce masa ya sauke giya, yana wahalar da injin. Ya ba shi labarin kakansa, yadda ya yi noma a Wadai don ya sami guzuri, yadda ya binne matarsa ta fari a gefen hanya ya ci gaba. Ya tambaya ko sun wuce Dutsen Karari. Ɗantani ya ce saura kaɗan. Can ya ce yana jin ƙishi. Suka tsaya ƙarƙashin wata bishiyar ƙaya, Ɗantani ya miƙa gorar ta kan kafaɗarsa, ya ji yana haɗiya.

Bayan sun tashi dattijon bai ƙara magana ba. Kansa ya kwanta a kafaɗar Ɗantani, nauyinsa ya canja. Ɗantani ya kira shi sau ɗaya, bai sake ba. Bai tsaya ba kuma. Ya riƙe kan babur ɗin yana kauce wa ramuka kamar yadda yake yi tun farko, hawaye suna bushewa a fuskarsa kafin su sauka.

A ƙofar asibitin wasu matasa masu aikin sa kai suka kwance laffayar suka sauke shi. Likita ta taɓa wuyansa ta ce Allah ya ji ƙansa. Mayar da gawa ta wannan hanya ba zai yiwu ba. Aka yi masa wanka, aka sallace shi tare da wasu mutum biyu da Ɗantani bai sani ba, aka binne shi a wani fili da dā yara suke ƙwallo. Ɗantani ya kafa dutse, ya lura da bangon makarantar da ke fuskantar wurin don kada ya ɓace masa.

Wani mai shayi ya taimaka masa da mai a kwalba. Bai isa ba, ƙarshen hanyar turawa ya yi. Rana ta yi sanyi lokacin da ya shiga gidan Umbadda. Kubra tana zaune kusa da Hajja Barira a tabarma. Suka ga laffayar a ninke a hannunsa.

Ya durƙusa ya ce, "Hajja, sai haƙuri. Haj ya riga mu."

Ta yi salati a hankali. Sannan ta ce, "A asibiti?"

"A hanya. A bayana."

"Ya sha wahala?"

"Hira yake yi min har kusan ƙarshe. Ya nemi ruwa, na ba shi, ya sha."

Ta gyaɗa kai. Ta ce wa Kubra ta kawo masa abinci, tun safe bai ci komai ba. Bayan kwanakin zaman makoki suka rufe gidan, ta koma Dar Salam wurinsu ta yi takaba a ɗakin Nuha. Da aka sami hanya Suhaila ta aiko aka tafi da ita Masar. Kafin ta hau mota ta sa Ɗantani ya sake kwatanta mata filin da bangon makarantar, tana maimaitawa a bayansa har ta riƙe.